Matuƙan Okoroba da abin da gyaran jirgi ya koya mini

Mutum shida ne suka rasu a jirgi mai saukar ungulu na rundunar sojin ruwa da ya faɗi a dajin Okoroba, ƙaramar hukumar Nembe ta jihar Bayelsa, ranar Asabar 15 ga Disamba 2012. Ka tari duk wanda ya san ciwon kansa a Kaduna a wancan lokaci, zai ambata maka biyu ba tare da dogon tunani ba: Gwamnan Kaduna Patrick Ibrahim Yakowa da Janar Andrew Owoye Azazi, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ya bi labarin da kyau zai ƙara da Dauda Tsoho da Muhammad Kamal, waɗanda suka yi wa manyan rakiya. Ragowar biyun da ke zaune a kujerun gaba kuwa, sai ka yi da gaske kafin ka sami mai tuna su: Kwamanda Murtala Muhammad Daba da mataimakinsa, Laftanar Adeyemi Sowole. Fasinjojin sun je jana'izar mahaifin Oronto Douglas ne, mai ba Shugaba Goodluck Jonathan shawara, suna hanyar komawa Fatakwal. Su matuƙan ba gaisuwa ta kai su ba. Aiki aka tura su, a bakin aikin kuma ajali ya cim musu.

Ban taɓa haɗuwa da ko ɗayansu ba, ni kuma ba soja ba ne. Gyaran jirgin sama na karanta a Zariya, da shi nake cin abinci a Kaduna har yau. Amma duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin jirgi da sifana a hannu ya san akwai wata dangantaka tsakaninsa da matuƙi wadda ba ta jiran sai an san juna. Idan labarin faɗuwar jirgi ya shigo gari, tambayar mutane ita ce wa ke ciki. Idan ya shigo hanga, babbar rumfar da muke gyara a cikinta, tambaya biyu ce: wa ya tuƙa, wa kuma ya sa hannu kafin ya tashi.

Shekarar 2012 ta zo wa masu sana'armu da nauyi. A watan Maris jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya faɗi a Jos da Mataimakin Sufeto Janar Haruna John. Ranar 3 ga Yuni jirgin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga ta Legas, mutum 153 da ke ciki babu wanda ya fita. A watan Oktoba Gwamna Danbaba Suntai na Taraba ya yi hatsari kusa da Yola a jirgin da yake tuƙawa da kansa. Sai ga na Okoroba ya rufe shekarar. A Kaduna ranar ba ta jirgi ake yi ba, ta zaman lafiya ake yi, domin garin bai gama farfaɗowa daga rikicin bayan zaɓen 2011 ba, kowa ya tattara ya nufi gida da wuri. Kashegari aka rantsar da mataimakin Yakowa, Mukhtar Ramalan Yero, a matsayin gwamna, daga baya aka kai Yakowa Fadan Kagoma aka binne shi. Majalisun gari suka yi makonni suna lissafin abin da rasuwarsa za ta canza a siyasar jiha.

Mu da muka koma aiki ranar Litinin, shugaban sashenmu ya tara mu tun ba a buɗe akwatin kayan aiki ko ɗaya ba. Tsohon sojan sama ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka fi shi albashi. Ya zaro guntun jarida daga aljihun gaba, ya karanto sunayen matuƙan biyu a hankali, ya ce kowa ya yi musu addu'a yadda addininsa ya koya masa. Da aka shafa sai ya ce, "'Ya'yana, kafin jirgin nan ya tashi wani irinku ya sa hannu. Ko aikinsa ya yi kyau ko bai yi ba, tun shekaranjiya bai runtsa ba. Ku yi aikin da zai bar ku ku yi barci." Bai ƙara komai ba, ya ce a buɗe akwatuna.

Sa hannun nan da yake magana a kai shi ne gindin sana'ar gaba ɗaya, na waje kuma bai cika gane nauyinsa ba. Kowane jirgi da littafinsa. Duk awar da ya yi a sama, duk matsalar da matuƙi ya lura da ita, duk notin da aka kwance aka mayar, a ciki ake rubutawa, kuma ba ya tashi sai mai lasisi ya rubuta cewa ya duba ya gamsu, ya sa sunansa da lambarsa da kwanan wata. Matuƙi yakan zagaya jirginsa kafin ya shiga, ya taɓa nan ya leƙa can, amma fata kawai yake gani. Ba ya ganin haƙoran giya a cikin giyabos, ba ya ganin ko an ɗaure bututun mai da ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa. Iyakar abin da ke hannunsa rubutun wani mutum ne da wataƙila ko fuskarsa bai sani ba, a kan wannan rubutu kuma yake ɗora ransa da na waɗanda ya ɗauko. Kwamanda ne ko laftanar, a wannan gaɓa duk ɗaya ne: amanar makanike yake hawa.

Ga ƙaramin misali. Jirgi mai saukar ungulu daga tashi har sauka karkarwa yake yi, karkarwa kuwa tana kwance noti. Shi ya sa muhimman notuna ba a barinsu haka nan. Akwai 'yar ƙofa a jikin kowanne, ana zura siririyar waya ta ƙarfe, a murɗa ta da filaya ta musamman, a ɗaure ta a wani wuri yadda in notin ya nemi juyawa baya wayar za ta ja shi gaba. In ka zura ta a juye, kyanta a ido ɗaya ne, amma maimakon ta riƙe notin sai ta taya shi kwancewa. Baba ba ya duba waya da ido kaɗai. Yakan bi ta da ɗan yatsa, ya ɗan danna ya ji tsaurinta, ya haska tocila ta ƙasa da wani ɗan madubi mai doguwar mariƙa. In bai gamsu ba sai dai ka ji ƙas, ya datse ta, ya ajiye maka guntun a tafin hannu, ba faɗa ba zagi. Ka sake. A wuraren da suka shafi sarrafa jirgi kuwa, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba ko da shi ne gwanin gwanaye. Dole wani na biyu da bai taɓa aikin ba ya zo ya duba tun daga farko, shi ma ya sa nasa. Haka ake tsiyayo mai daga ƙasan tanki cikin kwalba mai haske a ɗaga a duba, saboda ruwa ya fi man jirgi nauyi, in ya shiga ƙasa yake kwanciya. Haka ake zaro wani ɗan toshe mai maganaɗisu daga giyabos a ga ko ya kamo ɓurɓushin ƙarfe, alamar wani abu na cin kansa a ciki.

Abin da ya fi yi wa ɗan Kaduna wuyar haɗiya shi ne yar da kaya mai kyau. Mun tashi muna ganin Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, inda babu ƙarfen da ake cewa ya mutu, kuma wannan basira abar alfahari ce. Sai dai sassa da yawa na jirgi suna da adadin awannin da aka yanka musu. Ranar da awannin suka cika cirewa za ka yi ko da abin yana sheƙi, a kuma lalata shi yadda wani ba zai tsinta ya sayar ba. Dalili kuwa ƙarfe yana gajiya. Tsagewa takan fara siririya, ido ba ya kama ta, tana ƙaruwa da kowane juyi har ranar da za ta ƙarasa lokaci guda. "Ai da sauransa" magana ce da ta dace da babur, wanda in ya mutu maka a hanyar Kawo sai ka sauka ka tura.

Wata Alhamis da yamma aka gama aiki a kan jirgin da zai tashi da sassafe, aka zo ƙirga kaya sai ga gurbin wata 'yar soket fayau. Kowane kayan aiki yana da gurbinsa da aka yanka daidai siffarsa a cikin akwati, don rashinsa ya fito fili da kallo ɗaya. Baba ya sa aka rufe ƙofa. Aka share ƙasa, aka zazzage aljihuna da kwandon shara, shiru. Ya ce a sake buɗe duk murfin da aka buɗe a ranar. A nan muka yi magariba, a nan muka yi isha'i. Yaron da ya yi aiki da ita, wani mai koyo daga Rigasa, yana tsaye jikinsa na ɓari, kora kawai yake jira. Sai da dare ya yi nisa aka same ta a wani lungu, ƙarƙashin sandunan da ke kai umarnin matuƙi zuwa farfelar wutsiya. Wurin ya yi tsit, don kowa ya san abin da za ta yi a can in ta maƙale. Baba ya kira yaron ya ce, "Wa ya fara faɗa cewa ba a gan ta ba?" Ya ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To, gobe ka zo aiki da wuri." Hukuncin ke nan. Wasu a cikinmu sun ga an yi masa sassauci, ni kuwa ina ganin tsohon ya hango nesa. In ka kori wanda ya faɗi gaskiya, na gaba da zai ɓatar da soket kasuwa zai je ya sayo wata ya cike gurbin ya ja bakinsa, ta asalin kuma ta tashi sama tare da mutane.

Wani zai ce me ya haɗa Kaduna da sojan ruwa, garin da ruwansa bai wuce kogi ba. Ai kuwa da yawa. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA, da aka kafa a 1964, a nan take, a cikinta ake yaye na ƙasa da na ruwa da na sama. A Kachiya rundunar ruwa tana da makarantar koyon fasahar makamai, a Jaji kuma hafsoshin rundunonin uku suke haɗuwa kwas. Hafsan ruwa da yawa a ƙurar Kaduna suka koyi fareti tun ba su taɓa ganin teku ba. Wasu da suka yi aiki a sansanin jiragen saman rundunar da ke Ojo a Legas sukan faɗo sana'armu bayan ritaya, daga bakinsu na ji yadda aikin can yake.

Matuƙin sojan ruwa sana'a biyu ya haɗa, ta teku da ta sama. Wani lokaci filin saukarsa bayan jirgin ruwa ne, ɗan wuri matsattse, yana tafiya yana tangaɗi, iska tana karyowa ta jikin ginin jirgin tana bugunsa ta inda bai zata ba. Da dare a kan teku babu fitilar gari, babu layin da ya raba sama da ruwa, jikin mutum kuma yana yi masa ƙarya: sai ya ji jirgi a miƙe yake alhali ya karkata. Dole ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa, agogunan nan kuwa wani ne a ƙasa ya gwada su ya sa hannu. In jirgi mai saukar ungulu ya faɗa ruwa yakan kife, saboda nauyinsa, wato inji da giyabos, a sama yake, shi ya sa ake horar da masu tashi a kan teku yadda za su kwance bel su lalubo ƙofa a kife a ƙarƙashin ruwa. Gishirin teku kuma yana cin ƙarfe, sai an riƙa wanke inji da ruwan daɗi. Mu a nan ƙura ce abokiyar gabarmu. Hazon hunturu yana rufe gani, yana kuma goge fukafukan cikin inji sannu a hankali, zafin Maris da Afrilu kuma yakan sa iska ta yi sako-sako har jirgi ya kasa ɗaga nauyin da ya ɗaga da sanyin safiya.

Jirgin Okoroba ƙirar Agusta 109 ne, na Italiya, mai inji biyu. Mutane da yawa sun ɗauka in inji ya ɗauke wa irin wannan jirgi faɗowa kawai yake yi, alhali akwai dabarar da ake koya wa kowane matuƙi. Nan take yake sauke sandar da ke hannunsa na hagu, ya bar iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela, ya adana ƙarfin juyin ya kashe shi a daƙiƙun ƙarshe don ya sauka a hankali. Sai dai daƙiƙu kaɗan gare shi ya yanke shawara, kuma yana buƙatar fili. A arewa ko'ina ka duba gona ce ko fako. A Neja Delta itatuwa ne da fadama da rassan ruwa. Ban kawo wannan don in ce abin da ya same su ke nan ba. Na kawo shi don a san irin ƙasar da su Daba suke shawagi a kanta, suna sane da haka sarai, gari ya waye su sa kaki su fita.

Darasin da ya fi tsada, wanda har yau nake ganin mun fi rauni a kansa, shi ne iya cewa a'a. An rene mu da "bin na gaba bin Allah", ban kuma raina wannan tarbiyya ba, ita ce ta riƙe gidajenmu. Amma jirgi bai san furfura ba. Duk ɗalibin sana'ar nan an karantar da shi abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya ranar 27 ga Maris 1977. Jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suna kan titi ɗaya cikin hazo mai kauri. Kyaftin ɗin KLM, wanda yake cikin manyan masu horar da matuƙan kamfanin, ya fara gudun tashi. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Mutum 583 suka mutu, hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi. Bayan wannan da wasu irinsa aka shigo da horo na musamman da ke koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili, ya maimaita in ba a ji ba, ya kuma koya wa babba saurare.

To Turawa ke nan, masu kiran shugabansu da sunansa gatsal. Ka auna yadda abin zai kasance a wurinmu, inda yaro ba ya haɗa ido da babba. Ka ƙara auna shi a cikin kaki, inda wanda ke kujerar fasinja ya fi ka muƙami nesa ba kusa ba, gobe kuma takardar ƙarin girmanka tana iya bi ta teburinsa. Doka dai a fili take: matuƙin da aka damƙa wa jirgi shi ke da maganar ƙarshe a cikinsa, ko wa ya ɗauko. Amma doka a takarda daban, buɗe baki ka ce wa janar ko gwamna "Ranka ya daɗe, yau ba za mu tashi ba" daban.

Na ga yadda matsin yake zuwa, kuma ba ya zuwa da tsawa. Shi babban mutumin ba ya cewa uffan, yana ɗakin baƙi yana duba wayarsa. Na kusa da shi ne ke kai-kawo. Wata rana da damina hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, wani mai babbar riga ya zo ya tsaya a kan matuƙinmu yana murmushi. "Kyaftin, Yallaɓai fa ana jiransa, ba za a buɗe taro ba sai ya iso. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ko tsoro kake ji ne?" Dafin yana cikin tambayar ƙarshen nan, don da ita aka sha tura maza inda hankalinsu bai kwanta ba. Matuƙin, mutum mai sanyin magana, ya ce, "Alhaji, ina jin tsoro ƙwarai. Ka gaya wa Yallaɓai in hadarin ya wuce zan kai shi, in kuma ya matsu ga mota nan." Ya juya ya ci gaba da shan shayinsa. Aka yi fushi, aka buga waya sama, aka ce za a nemi wani kamfani. Ni dai ban taɓa ganin jarumtar da ta fi wannan da idona ba, kuma babu mai ba shi lambar yabo, domin hatsarin da bai auku ba ba ya shiga jarida.

Mu na ƙasa ma da tamu a'ar. Kayan gyara daga waje ake odarsu da dala, sukan yi jinkiri, jirgi kuma in yana ajiye kuɗi yake ci. Sai a fara zuwa maka da "Injiniya, a lallaɓa mana ya je ya dawo, in kayan sun iso sai a sa." Littafin kamfani ya riga ya jera matsalolin da aka yarda jirgi ya tashi da su na ɗan lokaci da waɗanda ba a yarda ba. Abin da ba ya cikin jerin farko ba ya lallaɓuwa, ko da wanda ya roƙe ka shi ya sama maka aikin.

Ranar Juma'a 21 ga Mayu 2021 abin ya zo mana har gida. Jirgin sojin sama ƙirar King Air 350 da ya ɗauko Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, daga Abuja ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna da yamma, cikin mummunan yanayi. Mutum 11, babu wanda ya tsira, kashegari aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja. Matuƙan, Asaniyi da Olufade, matasan hafsoshi ne, tare da ma'aikatan jirgin biyu, Adesina da Oyedepo. Lokacin Baba ya riga ya ajiye aiki, ni na karanta wa yara sunayen.

Tun ba a kwashe tarkace ba, a Facebook da WhatsApp an gama bincike an yanke hukunci, kamar yadda aka yi a teburan mai shayi a 2012. Wannan ya ce makirci ne, wancan ya ce tsohon jirgi ne, wani ya ce yaran ba su ƙware ba. Sana'ar nan ta hana ni shiga irin wannan hira. Da wuya hatsari ya zo da dalili guda. Yawanci ƙananan abubuwa ne suke jeruwa, kowanne shi kaɗai ba zai kashe kowa ba: an makara wajen tashi, yanayi ya juya, an canza filin sauka, mutum ya gaji, wata na'ura tana da 'yar matsala da aka saba da ita. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce manufar binciken hatsari ita ce hana aukuwar wani, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Hukuncin da ya fi kowanne araha kuwa shi ne "kuskuren matuƙi", saboda mai shi yana kabari, ba zai tashi ya kare kansa ba. Ko da ya tabbata matuƙi ya yi kuskure, mai bincike na gaskiya daga nan yake farawa: sawu nawa ya yi a ranar, awa nawa ya yi barci, yaushe rabonsa da horo, wa ke tsaye a kansa yana duba agogo.

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Daba da Sowole ba za su ƙara ko daƙiƙa ɗaya a kan kwanansu ba. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. "Kwana ne ya ƙare" magana ce ta zaman makoki, ga uwa da mata da marayu ake faɗinta, kuma a can gaskiya ce mai sanyaya zuciya. In ta fito daga bakin wanda aka ba kuɗin sayen kayan gyara, ko wanda ya sa hannu bai duba ba, ta zama maɓoya.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibanmu suna iya kawo maka labarin Tenerife daƙiƙa bayan daƙiƙa, har abin da kowa ya faɗa a ɗakin tuƙi, saboda an wallafa rahoton kowa ya karanta. Hatsarin jiragen farar hula na gida ma hukumar bincike, wadda a da ake kira AIB yanzu NSIB, tana fitar da rahotanninsu. Na soja kuwa galibi a hannun soja yake zama. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojin sama ƙirar C-130 ya tashi daga Legas, mintuna kaɗan ya faɗa fadamar Ejigbo da mutum sama da 150, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji, nan kusa da mu. A duk kwasa-kwasan da na zauna ba a taɓa ajiye mana rahoton Ejigbo ko na Okoroba a kan tebur an ce mu yi nazari ba, kuma ba laifin malamai ba ne, abin da aka wallafa shi ake koyarwa. Na san soja yana da sirrin da ba a taɓawa. Amma Agusta 109 da King Air jirage ne da farar hula ma suke tuƙawa, irin man ɗaya, hadarin damina ɗaya, hazon hunturu ɗaya. A cire abin da ya shafi tsaro, a miƙa ragowar ga makarantun Zariya da Mando, yaran da za su riƙe sifana da waɗanda za su riƙe sandar tuƙi su karanta da sunayen garuruwan da suka sani. Duk sanda aka raba mana takardar jin ra'ayi a ƙarshen kwas, abin da nake rubutawa ke nan, a kwas na gaba ma shi zan rubuta.